Kafin ka sayi katin kama tashoshin talabijin na kwamfuta

Idan ka shiga Beirut Road ko kasuwar Sabon Gari a Kano neman na'urar da za ta kawo maka tashoshi a kwamfuta, iri biyu za a nuna maka: katin da ake sokawa cikin uwar kwamfuta a ramin PCIe, da ɗan ƙarami mai kama da filashi da ake cusawa a USB. Kada kwali ya ruɗe ka. Tambayi mai shago sunan cif ɗin da ke ciki, wato ƙwaƙwalwar na'urar, don shi ne zai nuna ko direba, manhajar da ke sarrafa katin, zai zauna lafiya.

Ƙorafin da aka fi kawowa shi ne kwamfuta ta ga katin amma ta ƙi kama komai, sai saƙon "i2c timeout", a Linux kuma lamba -110. Direba yana magana da tuna, wato sashen katin da ke kamo tasha, ta wayoyi biyu da ake kira I2C, waɗanda Philips ya ƙirƙiro a 1982. In ya aika umarni tuna ta yi gum, sai ya gaji da jira. Galibi wuta ce ba ta isa ba, ko firmware, 'yar manhajar da ake loda wa cif, ba ya nan, ko kuma kwamfuta ta kwantar da na'urar barci don tsimin wuta.

A nan na USB yake da rauni. Ramin USB 2.0 ba ya ba da fiye da 500mA, ga doguwar waya mai araha tana cinye wani abu a hanya, ga zafin Afrilu yana gasa shi a cikin ɗan robarsa. Yana da sauƙin kuɗi, kuma dole ne ga mai laftof, amma a haɗa shi da hob, wato na'urar ƙara ramukan USB, mai nasa caja, a kuma kashe barcin USB. Waɗanda cif RTL2832U kaɗai ke cikinsu, tsohon tsarin watsa tashoshi na DVB-T suke kamawa, alhali Najeriya DVB-T2 take amfani da shi. Nemi mai Si2168, kamar MyGica T230.

Mai tebur-tof, ni katin PCIe nake ba shi shawara. Wutarsa a tsaye take. In ya fara gardama, a kashe ASPM, wato tsimin wutar PCIe, a BIOS, saitin da ake shiga lokacin kunna kwamfuta, ko a sauya masa rami. Katunan TBS suna da kyau, sai dai a Linux da yawansu sai ka sake harhaɗa direba duk lokacin da kernel, wato zuciyar Linux, ya canja. Hauppauge ya fi sauƙi ta wannan ɓangaren.

Mai dish na Nilesat ko Badr, DVB-S2 zai saya, kuma katin ne ke tura 13V ko 18V zuwa LNB, na'urar da ke gaban dish, don haka na USB ɗinsa sai mai adafta.

Tashoshin GOtv da StarTimes a kulle suke, kati ba zai buɗe su ba. In su kake so, dikodarsu za ka saya. Kuma in na USB za ka saya, ka tafi da laftof ɗinka a gwada a gabanka kafin ka biya.