Soyayyiyar agada da haɗin fiya: ku je ku ci a gurin, kar ku yi oda

Jama'a sau biyu na ci abincin nan daga guri ɗaya cikin sati guda, na farko na tashi ina santi har maigida yana min dariya, na biyun kuwa rabinsa almajiri na ba wa, shi ya sa na ce bari dai na faɗi yadda abin yake kafin wata ta zubar da kuɗinta yadda na zubar da nawa.

Wani ɗan ƙaramin gidan abinci ne a nan Kano, tebura ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ba, amma fes yake gaskiya, har bayan kanta ana hango madafin. A jerin abincinsu na ga an rubuta agada da salsa ta fiya, na tambayi yarinyar da ke kawo abinci na ce ƙanwata mene ne kuma salsa, ta ce Anti ai haɗi ne kawai irin na ɗanyen kayan miya, ba a dafawa. Ni dai fiya a Jos na santa lokacin bautar ƙasa, mu tsaga ta biyu mu barbaɗa gishiri mu shafa a burodi shi ke nan, ban taɓa kawowa a raina za ta zauna da agada a faranti ɗaya ba, don ita agada da shinkafa da wake ko ƙwai muka santa.

Da aka kawo, agadar tana tururi, an yanka ta a karkace da ɗan kauri, gefenta ya yi ja irin na zuma har ya ɗan ƙone kaɗan a baki-baki, wanda ni nan ne daɗin yake. Ka san nunanniya aka samu irin wadda bawonta ya fara baƙi, don taushinta da zaƙinta ba na sukari ba ne, nata ne. A gefe cikin ɗan kwano ga haɗin fiyar, an yanka ta ƙanana ba a dame ta ba, da tumatir da aka cire 'ya'yansa don kar ya tsinke, jar albasa, attarugu ɗan kaɗan, gishiri, sai lemun tsami da aka matsa har ƙamshinsa na tashi, da wani koren ganye da suka ce koriyanda ne. Maigida ya tsince ganyen tas ya tara a gefen faranti wai ɗanɗanon sabulu yake masa, ni kam ban ji haka ba.

To a nan fa abin yake. Duk mai cin soyayyiyar agada ta san bayan yanka biyar shida zaƙi da maiƙo suna fara gundurar mutum, to wannan tsamin na lemo da sanyin fiyar da ɗan yajin attarugun su suke yanke maiƙon, sai ka ji kamar loma ta farko kake yi kullum, zafi da sanyi a baki ɗaya. Wallahi ban san sanda na cinye ba.

Matar da ke da gurin ta fito tana gaisawa da mutane, na ce Hajiya ina kika samo wannan dabara, ta ce ai cimar mutanen Latin Amurka ce, ita fiyar ma asalinta daga Meziko take. Da gaske ne kuwa, can suna da soyayyiyar agada kala biyu, nunanniya da suke kira maduros irin wadda muka ci, da kuma ɗanya koriya da ake soyawa sau biyu, a soya a tsame a danne ta da gindin kofi ta yi faɗi a sake mayar da ita mai, a Kolombiya patacones suke ce mata wasu ƙasashen kuma tostones. Hajiyar ta sa aka kawo mana guda huɗu na ɗanyar mu ɗanɗana, wannan ba zaƙi ko kaɗan, ƙarau-ƙarau take kamar dankali, kuma ita ta fi ɗaukar haɗin don kamar cokali take zama. Maigida ita ya fi so. Ni dai bar ni da nunanniyar.

Na so ƙwarai da ba su yi ƙaryar kayan waje ba, fiyar irin tamu ce manya masu santsin koren bawo da ake kawowa daga Filato da Mambila, ba 'yan ƙananan nan masu kaushin bawo da ake kira Hass ba da ake sayarwa da tsada a manyan kantuna. Tamu ta ɗan fi ruwa, amma a irin wannan haɗin ba ta da laifi. Kuɗin dai ya ɗan yi sama idan aka duba cewa babu nama ko kifi a ciki, sai dai wanda ya leƙa 'Yan Lemo kwanan nan ya san agadar da ake lodowa daga kudu ba arha take iso mana ba.

Ranar Alhamis kwaɗayi ya motsa na ce bari na yi oda a kawo min gida. Kuskuren da na yi ke nan. An ce minti talatin, sai da aka haura awa mai mashin yana ta kirana wai bai gane kwatance ba, da na buɗe robar sai na ga sun zuba agada mai zafi da haɗin fiya a mazubi ɗaya sun rufe ruf, tururi ya koma ruwa ya jiƙa komai, agadar ta yi laƙwas tana naso da mai, fiyar ta dahu ta koma kalar ƙasa-ƙasa, tumatir ya saki ruwa a ƙasa kamar romo. Ita fiya dama da an yanka ta iska ta taɓa ta take fara baƙi, lemun tsami jinkirta abin kawai yake yi, balle kuma an haɗa ta da zafi. Na tura musu hoto a WhatsApp, sun ba da haƙuri da ladabi, sun ce yaron da ya zuba sabo ne, amma ko da an raba mazubi ban ga yadda soyayyiyar agada za ta yi awa a rufe ta iso da ranta ba.

Jiya na gwada da kaina a gida, abin da na lura shi ne sai mai ya yi zafi sosai kafin a saka agadar in ba haka ba shanye shi take yi, kuma haɗin fiyar shi ne na ƙarshe, sai an kusa tsame agada sannan a yanka ta. Na barbaɗa yajin ƙuli a kan tawa, gaskiya ya ɗaga ta, in na koma gurin ranar Asabar sai na faɗa wa Hajiyar ta ajiye shi a kan tebur.