Lambar QR ko Manhaja: Wacce Ta Fi Dacewa da Gidan Tarihi?

Malama, tambayar da kika yi ita ce, idan gidan tarihi irin Gidan Makama na Kano yana son baƙi su riƙa samun bayani ta wayar hannunsu, shin ya liƙa lambar QR (ɗan zanen nan mai kusurwa huɗu na baƙi da fari da ake haskawa da waya) kusa da kowane kaya, ko kuwa ya sa a ƙera masa manhajar kansa. A ganina lambar QR ce ta fi dacewa da ƙaramin gidan tarihi, kodayake manhaja tana da inda ta fi ta nesa ba kusa ba.

Tunanin ba sabo ba ne. Tun a 1952 gidan tarihi na Stedelijk da ke Amsterdam ya fara bai wa baƙi ƙaramar na'ura mai kama rediyo suna sauraron bayani, kuma daga 2012 Louvre na birnin Paris ya riƙa ba da hayar na'urar wasa ta Nintendo 3DS domin jagorar baƙi, har zuwa 2025 da aka daina. Abin da ya canza shi ne yanzu na'urar tana aljihun baƙo, ba sai gidan tarihi ya saya, ya yi caji, ya gyara ba.

Lambar QR, wadda kamfanin Denso Wave na Japan ya ƙirƙiro a 1994 domin bin diddigin sassan mota a masana'anta, ba ta ƙunshe da komai a wannan aiki sai adireshin shafin intanet. Baƙo ya haska ta da kyamarar wayarsa, shafi ya buɗe da rubutu ko murya ko hoto. Kuɗin buga ta bai taka kara ya karya ba, sannan idan aka gano kuskure a bayani, a shafin ake gyarawa, takardar da ke bango tana nan yadda take. Rauninta shi ne dogaro da sabis. Ginin ƙasa mai kaurin bango yana iya raunana sabis a ɗakunan ciki, kuma wanda datarsa ta ƙare zai tsaya yana kallon lambar ba tare da ta amfane shi da komai ba. Wannan matsala tana da magani, domin ana iya ajiye bayanan a ƙaramar kwamfuta cikin ginin, a haɗa ta da Wi-Fi na kyauta, baƙi su buɗe shafukan ba tare da kashe data ba.

Manhaja kuwa, da zarar an sauke ta da abin da ke cikinta, tana aiki ko babu sabis, tana iya nuna taswirar gini, ta tsara wa mai sauri zagayen rabin awa, ta kuma ci gaba da amfani bayan baƙo ya koma gida. A wuri mai faɗi kamar gidan tarihi na Boubou Hama da ke Yamai, inda rumfunan baje koli da gidan namun daji da wurin masu sana'ar hannu suke fili ɗaya, taswira abu ce mai amfani ƙwarai. Sai dai nauyinta yana da yawa. Dole a yi ta iri biyu, ta Android da ta iPhone, kuma a riƙa sabunta ta duk lokacin da tsarin wayoyi ya sauya, in ba haka ba ta daina buɗewa. Abin da ya fi damuna shi ne baƙon kansa: mutumin da wayarsa ta cika da hotuna da saƙonnin WhatsApp, wanda ya zo ziyarar awa ɗaya da iyalinsa, da wuya ya yarda ya goge wani abu domin ya sauke manhajar da ba lallai ya sake buɗe ta ba. Gidan tarihin da ya nace sai manhaja, gara ya nemi shiga wadda ta riga ta tara gidaje da yawa, kamar Bloomberg Connects da aka ƙaddamar a 2019, wadda ake saukewa kyauta.

Ko wacce aka zaɓa, ina roƙon a fifita murya a kan dogon rubutu. Bayanin minti ɗaya cikin Hausa mai daɗin ji a kan sulke ko lifidi ko tsohuwar ƙofar gari zai isa ga dattijon da ba ya karatun boko da yaron firamare baki ɗaya, kuma ido zai tsaya a kan kayan maimakon fuskar waya. Ma'aikatan da suka daɗe suna zagayawa da baƙi su ne ya kamata a naɗi muryarsu, tunda sun san tambayoyin da jama'a suka fi yi. Su ne kuma za a ci gaba da dogaro da su wajen masu ƙaramar waya mai madannai, waɗanda lambar QR da manhaja duk ba sa yi musu aiki.