Na biya kuɗin koyon harbi, aka miƙo min roba

Shekara guda ina harbi da kwari da baka ni kaɗai, kibiya na tafiya inda ta ga dama, shi ya sa na yi rajistar wani darasin koyon harbi na sati huɗu da ake ta tallatawa. Na tafi da bakana mai nauyin ja fam 45, har da 'yar taƙamata. Malamin ya ce in ja sau ɗaya ya gani. Tsirkiya ba ta ma iso fuskata ba na sake. Bai ce uffan ba, ya rataye bakan a bango, ya miƙo min doguwar roba irin ta motsa jiki.

Wallahi raina ya ɓaci. Awa guda cur ina jan roba, na kusa da ni suna ta harbi. Can ya zo ya ɗora yatsa tsakanin allunan kafaɗuna, ya ce nan ne ya kamata ya gaji, ba damtse ba. A wurinsa na fara jin cewa nauyin da ake rubutawa a jikin baka a jan inci 28 ake auna shi, kuma kowane inci da ka ƙara yana ɗora maka kusan fam 2. Ni kuwa dogon hannu gare ni, sai na kai inci 30 kafin yatsana ya taɓa gefen bakina. Ashe da fam 49 nake kokawa, dole in riƙa ɗaga kafaɗa ina saki da wuri.

Sati na biyu ya ba ni baka mai fam 25. In ɗana kibiya, in ja har manuniya ta zauna a gefen baki, in ƙirga biyu, in sassauta yatsu kawai, hannun da ke riƙe da baka kuma kada ya sauka sai kibiya ta cake. Daga nisan mita 10 kibau biyar suka taru wuri guda, tafin hannu zai rufe su. Na tsaya ina kallo kamar wani ne ya harba.

To amma duk lokacin da na kalli hannuna na hagu sai haushi ya dawo. Fatar kariyar hannu da suka ba mu guntuwa ce, tsirkiya ta yi ta zabga min bulala a saman inda ta ƙare. Sai da wurin ya kumbura ya yi baƙi sannan malam ya tuna ya ce in murɗa gwiwar hannu waje. Maganar da ba ta fi minti ɗaya ba! Mun yi masa yawa ne, shi kaɗai.

Sannan a tallarsu sun ce za a koyar da jan tsirkiya da babban yatsa da zobe, irin na Turkawa da Koriyawa. Har aka gama ko zoben ban gani ba. Na tambaya sau biyu, aka ce sai aji na gaba, shi ma da kuɗinsa daban.