Adaftar nan mai baki huɗu da na tafi da ita Amurka

Wata biyu kenan da dawowata daga wajen ƙanina a Amurka, sai yau na samu zama in faɗi yadda muka kwashe da adaftar tafiya da na saya a Farm Centre kafin in tashi. Irin mai kamar ƙaramin akwati ce, kana tura maɓalli sai ƙafafun fulogi su fito, na Ingila, na Turai, na Amurka da na Ostiraliya, ga ramin USB guda biyu a gefe.

Farkon amfaninta a filin jirgin Alƙahira ne, can soket ɗinsu mai rami biyu zagayayyu ne irin na Nijar, namu kuwa ƙafa uku masu kusurwa irin na Ingila. Na zauna ina cajin waya wani Alhaji yana ta zagaye da cajarsa a hannu, ƙarshe dai tare muka jona. Nan kam ta biya kuɗinta.

A Amurka ne na fara ganin halinta. Soket ɗinsu ƙafa biyu ne siraran fale-fale, ita kuma tana da nauyi, ka ɗora mata kan cajar laftof sai ta riƙa sunkuyowa daga bango, cikin dare ta saki, ka tashi da asuba waya tana kashi 20, sai da na riƙa tokare ta da takalmi wallahi.

Amma babban abin da mai shagon bai gaya min ba, ni ma ban tambaya ba, shi ne bakin fulogi kawai take canzawa, ƙarfin wuta babu ruwanta. Mu wutarmu bolt 230 ce, su 120. Caja ta waya da ta laftof ba su damu ba, duba jikinsu za ka ga an rubuta 100-240V da ƙananan haruffa. Hitar da na ɗauko don shayi kuwa, 220-240V ce kawai, na jona na je na yi wanka na shirya na dawo ruwa ko motsi bai yi ba, ɗumi-ɗumi kamar na wankan jariri. Ƙanina yana dariya ya ce Yaya ai in wuta ta ragu da rabi zafin kusan kashi ɗaya cikin huɗu yake komawa, ka ajiye kayarka ga tamu nan.

Wannan ma da sauƙi, babu abin da ya lalace. Ɓarnar sai da na dawo Kano. Matar ƙanin nawa ta ba uwargida tsarabar bilenda mai kyau, 120V a jikinta, na manta ban ce komai ba, ita kuma ta ga fulogin bai shiga soket ba ta ɗauko adaftar nan tunda ta ga tana shiga ko'ina. Ƙara ɗaya bilendar ta yi sai hayaƙi da ƙauri. Fiyus ɗin adaftar ko gezau. Mai gyara ya ce wayar cikin bilendar ta ƙone, da sitefdawun mai rage ƙarfin wuta aka haɗa ta da tana nan lafiya.

Don waya da laftof zan sake ɗaukarta, Umara ma in Allah ya nufa ba sai da ita ba tunda yawancin otal ɗin Saudiyya ƙafa uku ne irin namu. Bilenda dai tana kan firji, uwargida ta hana a yar.