Kafin gungun manoma ya kashe kuɗinsa: wane aikin kare ƙasa da ruwa ne ya dace da gonakin Damagaram?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin kwari bayan ruwan farko na watan Yuni ya san launin ruwan da ke gangarowa. Ja ne jawur, mai kauri kamar kunu, yana ɗauke da kara da kashin dabbobi da ledoji, kuma abin da ya ba shi wannan launi shi ne ƙasar saman gonakinmu, wadda ita ce mafi albarka. Idan ya isa tafki ya kwanta, manomi ya yi asara sau biyu: gonarsa ta rame, tafkin da yake shayar da dabbobi da noman rani kuma ya cike da laka. A birnin Damagaram ruwan da ake samu a shekara yakan kasance a kewayen milimita 400, yana kuma sauka cikin wata uku zuwa huɗu, sau da yawa da ƙarfi a lokaci guda. Birnin kansa a kan dutse yake zaune, inda ruwan ƙasa ke da wuyar samu, shi ya sa ake jawo masa ruwan sha daga wurare irin su Gogo da Machaya da Arunguza. A ƙasa irin wannan, abin da manomi ya yi a gonarsa yana bayyana a cikin randar maƙwabcinsa.

Tambayar da gungun manoma ke yi idan kuɗi ya shigo asusu, ko na karo-karo ko na tallafi, ita ce wane aiki ne ya fi araha. A ganina akwai tambayar da ta riga ta: a ina gonar take a kan hanyar ruwa, kuma wace irin ƙasa ce? Jigawa daban, fako daban, gangare mai tsakuwa daban, fadama daban. Aikin da ya rayar da fako zai iya zama ɓarnar kuɗi a jigawa, kuma aikin da aka yi a gindin kwari ba tare da an taɓa tudu ba, ruwan damina ɗaya ya isa ya tafi da shi.

Ga mai gonar jigawa, wato mafi yawan manoman Mirriya da Matamaye da Magarya, zaɓin farko yana tsakanin sayen dashe da sassabin zamani. Dashe yana buƙatar kuɗin ƙananan itatuwan da za a dasa, da jigila, da haƙa rami, da ban ruwa, da shinge, sannan da yawa daga cikinsu ba sa ganin damina ta biyu saboda rani da awaki. Sassabin zamani kuwa ba ya buƙatar komai sai wuƙa ko adda mai kaifi da ido mai lura. Lokacin sharar gona, maimakon a sare duk tohon da ya fito daga kututture a ƙona, sai a zaɓi rassa biyu ko uku mafi ƙarfi da miƙewa a bar su, a datse sauran, a riƙa gyara su kowace shekara. Saiwar tana nan a ƙasa tun da daɗewa, ta riga ta kai ga danshi, don haka itacen yana girma da saurin da dashe ba zai kamo ba. Wannan dabara ta bazu daga yankin Maradi tun shekarun 1980, kuma binciken da aka yi a 2006 ya nuna cewa a ƙasashen Magarya da Matamaye da Mirriya kaɗai, gonakin da itatuwa suka dawo musu sun kai kusan hekta miliyan 1, mafi yawansu gawo. A shekarar 2020 gwamnatin Nijar ta fitar da dokar da ta tsara wannan aiki, wadda ta ƙarfafa haƙƙin manomi a kan itacen da ya rena a gonarsa.

Gawo ya cancanci a tsaya a kansa. Yana zubar da ganye da damina, lokacin da hatsi ke buƙatar rana, ya yi ganye da rani, lokacin da dabbobi ke neman inuwa. Su kwanta a ƙarƙashinsa su ci ƴaƴansa su bar taki. Kowa ya ga yadda zangarniyar hatsin gindin gawo ta fi ta fili cika. Amma abin da ya shafi ruwa shi ne yadda itatuwan ke karya ƙarfin iska, ganyen da suka zubar ya rufe ƙasa, ruwan sama ya samu damar nitsewa maimakon ya kwashi yashi ya nufi kwari. Sabara da kalgo ma suna yin wannan aiki, kuma sun fi saurin tohuwa. Abin da sassabin zamani ke ci ba kuɗi ba ne, yarjejeniya ce: idan gari bai kafa kwamitin tsaro ba, aka kuma bar masu sara da dare suna yin yadda suka ga dama, manomi ba zai sake rena itace ba. Dashe yana da wurinsa, musamman inda babu sauran kututture ko inda ake son wani iri na musamman kamar magarya mai aure, wadda aka haɗa da reshen wani iri, amma bai kamata ya zama abin da za a fara kashe kuɗi a kai ba.

A fako, inda ƙasa ta daskare ruwa ke gudu a kanta kamar a kan siminti, zaɓin yana tsakanin tassa da rabin wata. Tassa rami ne mai faɗin santimita 20 zuwa 30 da zurfin 10 zuwa 20, ana tara ƙasar da aka haƙo a gefen gangare, a zuba tafin hannu ɗaya ko biyu na taki. Hekta ɗaya na ɗaukar ramuka kusan 10,000, aikin kuma yakan kai awa 300. Manoman Illela ne suka yaɗa ta a Nijar bayan ziyarar da suka kai Yatenga ta Burkina Faso a 1989. Rabin wata kuwa rami ne mai siffar rabin da'ira, ya fi girma, faɗinsa mita 4, ana yin kusan 313 a hekta, bakinsa na fuskantar inda ruwa ke fitowa. Mai ƙaramar gona da ke da taki a gida kuma yana son hatsi ko dawa a shekarar farko, tassa ta fi masa. Gungun da ke son rayar da babban fili na gari ya koma makiyaya, rabin wata ya fi dacewa, a shuka ciyawa da itace a ciki. Duka biyun suna da sharaɗi ɗaya wanda ake yawan mantawa a lissafi: ba tare da taki ba, rami rami ne kawai. Kafin a sayi diga da shebur, a ƙirga amalanken taki nawa za a samu. A jigawa kuwa kada a wahalar da kai, domin yashi zai binne ramukan kafin shuka ta tsiro.

Jeren duwatsu yana rage gudun ruwa a gangare, yana tace laka, yana kuma daɗewa, amma farashinsa na gaskiya jigila ce. Inda dutse yake kusa, kamar kewayen birni da wasu tuddai, amalanke ya wadatar. A kudancin jihar, inda sai an yi tafiya mai nisa kafin a ga dutse, hayar babbar mota za ta cinye asusun gungu kafin a gama hekta biyar. A nan layin gamba ya fi hankali: a dasa ta a gicciye da gangare, faɗin kusan mita 1, ta tare yashi da taki, da kaka kuma a yanke ta a yi zana ko jinka a sayar. Rauninta shi ne shekarar farko, kafin ta kafu. Ko dutse ko gamba, dole layin ya bi daidaiton ƙasa, kuma siririn tiyo mai ruwa a ciki da sanduna biyu masu awo sun isa a fitar da shi. Layin da aka ja da ido kawai yakan tara ruwa wuri guda ya ɓalle, ya buɗe sabon kwazazzabo.

Katangar duwatsu cikin ragar waya da madatsar siminti su ne suka fi burge ido, su ne kuma suka fi tsada nesa ba kusa ba. Suna da amfani a babban kwari, domin suna baza ruwa ya nitse, rijiyoyin kewaye su ɗago. Sai dai ba aikin gungu ɗaya ba ne: suna buƙatar ma'aikacin da ya iya awo, da amincewar garuruwan sama da na ƙasa, da takardar kwamitin kula da filaye tun daga matakin gari, saboda ƙasar da ta samu danshi nan da nan take samun masu cewa tasu ce.

A fadamun Korama, inda ake noman rake da kabeji da tumatir da albasa, matsalar ta sauya kama. Ruwa yana kusa, mita kaɗan ƙarƙashin yashi, don haka abin da aka watsa a fage ba ya daɗewa kafin ya isa rijiya. Na taɓa ganin kwalbar maganin ƙwari babu marfi tana yawo a ramin ban ruwa, ga yaro a durƙushe yana wanke latas a gefe guda, kuma har yau hoton bai fita a raina ba. Wajen sayen magani, a duba ko yana ɗauke da lambar amincewar kwamitin ƙasashen Sahel mai tantance magungunan ƙwari, da ranar ƙarewar aiki, da bayanin kwanakin da za a jira kafin girbi. Wanda aka ɗura a kwalbar da ba ta da rubutu, irin su piya-piya da ake sayarwa a kan tebur, arharsa ta kasuwa ce kawai. Ga ƙwarin ganye da dama, jiƙon ƴaƴan dogon yaro da ɗan sabulu yana aiki idan an fara da wuri an kuma maimaita. A wanke famfon feshi nesa da rijiya, a huda kwalbar da ta ƙare don kada wani ya zuba mai ko ruwan sha a ciki.

Taki ma haka. Yuriya da aka watsa da yawa ana kuma ban ruwa a kai, wani kaso nata yana sauka ƙasa ya zama sinadarin nitirat, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade kada ya wuce miligiram 50 a litar ruwan sha, kuma jarirai ne ya fi yi wa illa. A raba ta kashi biyu ko uku a kan takin gargajiya da ya ruɓe sosai. A gonar hatsi kuwa, ƙaramin awon da masu binciken noma na cibiyar ICRISAT ta Sadore suka gwada, giram 6 na takin zamani 15-15-15 ko giram 2 na DAP a kowane gurbi, yana nufin buhu 1 na 15-15-15 ya kusa isar hekta, kuma takin yana zama a gindin shuka maimakon ya bi ruwa. A bakin tafki irin na Gidimuni ko Lasuri, a bar wani zirin ƙasa ba noma, ciyawa da kaba su tsaya tsakanin fage da ruwa.

Da ni ne ma'ajin gungu, da na fara da kwamitin tsaron itace da wuƙaƙen sassabe a gonakin tudu, sannan tiyon awo da gamba, sannan diga da taki don fako, na bar maganar siminti sai an ga launin ruwan kwari ya fara washewa. Haƙar tassa da rabin wata a gama ta tsakanin Maris da Mayu, a kuma rubuta a takardar kwangila cewa za a biya masu aiki bisa ramin da aka auna zurfinsa, ba bisa adadin da aka faɗa da baki ba.