Sun sayar mini da suna ɗaya, sun ƙona mini wanda ya fi shi

Da a watan da suka biya ni kuɗin cinikin farko na rubuta wannan sharhi, da tauraro biyar zan ba wannan kasuwa ta sunayen shafukan intanet ba tare da dogon tunani ba. Ba zan faɗi sunanta ba. Duk wanda ya taɓa harkar domen, wato sunan da ake rubutawa a shiga shafin intanet, ya san irinsu: ka aika musu da sunan da ka ƙirƙira, su duba, in ya yi musu su zana masa tambari, su yanka masa farashi, su kafe shi a shafinsu. Ranar da aka saya su cire la'adarsu su turo maka saura.

Abin da ya fara burge ni shi ne tsaurinsu wajen tantancewa. Yawancin sunayen da na aika an dawo mini da su, amma ba korar kare aka yi musu ba, kowanne da dalilinsa a layi ɗaya ko biyu. Wani aka ce in ka faɗe shi a waya sai ka bi shi harafi-harafi kafin mai sauraro ya iya rubutawa. Wani aka ce ya yi kusa da sunan wani kamfanin magunguna mai rajistar alamar kasuwanci, wanda in ya ga dama zai kai ƙara ya karɓe shi ba tare da ya biya ni ko sisi ba, tun da ICANN, hukumar da ke kula da tsarin sunayen intanet, ta shimfiɗa tsarin yanke irin wannan rikici tun 1999, kuma a can ba a tambayar nawa ka kashe. Wannan gargaɗin kaɗai ya isa in gode musu.

Sai kuma ga ciniki ya faɗa a kan sunan da ni kaina na raina. Haruffa bakwai, ba shi da ma'ana a kowane harshe da na sani, har na riga na ƙudura in wa'adin rajistarsa ya cika zan bar shi ya tafi. Wani ƙaramin kamfanin manhajar lissafi ya saye shi a farashin da aka rubuta, ko tayi bai yi ba. Su suka karɓi kuɗin, su suka riƙe amana har sunan ya koma hannun mai saye, ni dai lambar sirrin miƙa suna kawai na bayar. Kashi 30 cikin ɗari suka yanka. Da zafi, amma mutumin nan ba zai taɓa gano ni ba in ba ta hanyarsu ba, kuma kuɗin ya iso a ranar da suka ce. A wannan ɓangaren ba ni da ta cewa.

Bari in ɗan tsaya saboda masu shigowa harkar da labarin miliyoyi a kunne. Gaskiya ne an sayar da voice.com dala miliyan 30 a 2019. Gaskiya ne Facebook ya biya ƙungiyar manoman Amurka dala miliyan 8.5 a kan fb.com, kuma Elon Musk da kansa ya ce dala miliyan 11 tesla.com ya ci musu, bayan kamfanin ya yi shekaru yana maneji da teslamotors.com. To amma waɗannan ko kalmomin ƙamus ne, ko gajerun haruffa, ko sunan da wani ya riga kowa kamawa tun ana yi wa intanet kallon abin wasan 'yan jami'a. Tun 15 ga Maris 1985 aka yi rajistar .com na farko, symbolics.com. Mu da muka iso bayan an gama rabo, ƙirƙira ce kawai ta rage mana.

Ita kuwa ƙirƙira lissafinta daban. Kalmar ƙamus tana da masu nemanta ko da kai ko babu kai. Sunan da ka haɗa da kanka babu mai nemansa a faɗin duniya, sai ranar da wani mai shirin buɗe kamfani ya gan shi ya ji ya kwanta masa a rai. Kodak, sunan kamfanin kyamara, ba komai ba ne kafin mai kamfanin, George Eastman, ya ƙaga shi a 1888. Abin da mai saye ke biya shi ne suna mai daɗin faɗa wanda ba a taɓa jingina masa komai ba, ba alheri ba sharri, shi ne zai fara ba shi tarihi. Wannan tsabtar ita ce uwar kuɗin gaba ɗaya, kuma a kanta rigimata da mutanen nan take.

Akwai wani suna da na fi ji da shi a duk abin da na mallaka. Haruffa shida, .com, baƙi da wasali a jere har ƙarshe, yaro ma ya ji sau ɗaya zai rubuta daidai. Su kansu farashi mafi tsada suka sa masa a cikin nawa. Wata safiya imel ya shigo cewa an saya. Sai da na gangara ƙasa na ga ashe ba kuɗi hannu ba ne, biyan wata-wata ne na tsawon shekara biyu. Ni ban taɓa ce wa kowa ya sayar mini da suna bashi ba. Ashe wannan zaɓi a kunne yake zuwa a kan duk sunan da suka karɓa, kuma wurin kashe shi yana can cikin saituna, bayan ka buɗe shafi cikin shafi, da ƙananan haruffa masu launin toka.

Yadda tsarin yake, sunan yana zama a hannunsu, mai saye bai mallake shi ba sai ya gama biya. Amma tun daga kason farko ana ba shi damar juya shi zuwa duk sabar da yake so, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafi, ya ɗora shafi, ya buɗe akwatunan imel da shi. In ya daina biya, suna ya dawo wa mai shi, abin da aka riga aka biya kuma ba a mayarwa. A takarda babu asara, har ma ka ce riba biyu, kuma haka suke tallata shi.

Kaso ya shigo na 'yan watanni. Ana cikin haka wata mata ta rubuto, ta ce tana shirin ƙaddamar da kamfanin kayan kwalliya, sunan ya dace da abin da take so, za ta biya farashin gaba ɗaya a take. Na miƙa musu saƙonta jiki na rawa. Suka ce suna a kulle yake har sai mai biyan wata-wata ya kammala ko ya saɓa. Wannan na fahimta, alkawari alkawari ne, na ba matar haƙuri. Wata mai zuwa kaso bai zo ba. Aka ba mutumin wa'adi, aka ƙara masa wani, daga ƙarshe aka turo mini saƙo mai fara'a cewa sunana ya dawo, kuma ina iya sake sayar da shi.

Na buɗe Chrome na rubuta sunan don in ga ko shafin talla ya dawo. Fuskar kwamfutar ta koma ja wur, da gargaɗin cewa wurin da zan shiga na yaudara ne, kada in ba da bayanan sirri. Na duba jerin Spamhaus, ƙungiyar da ke sa sunayen masu damfara da saƙonnin banza a baƙin littafi, ga sunana a ciki. Na shiga Wayback Machine, ma'ajiyar da ke adana kwafin tsofaffin shafukan intanet, don ganin abin da aka ɗora a kansa a watannin da ba ya hannuna, sai ga shafi na bogi mai kama da na kamfanin isar da kaya, da hoton kwali da 'yar mota, ana cewa kayanka sun maƙale, biya ɗan kuɗin fito, rubuta lambar katinka a nan. Da na nemi sunan a Google kuwa, abin da ya fito a layin farko koke-koken mutanen da aka yasar wa asusu ne, kowanne ya rubuta haruffan nan shida ɓaro-ɓaro yana gargaɗin jama'a. Ashe ba kamfani ɗan damfarar ya zo buɗewa ba. Haya ya ɗauka da arha, don suna mai kama da na mutanen kirki ya fi saurin wuce matatar da ke tare saƙonnin imel na yaudara. Kamar ka ba da aron farar riga ne a je a yi fashi da ita, sannan a dawo maka da ita a ninke a ce ai ba ta yage ba.

Na rubuta musu duk wannan, da hotuna. Amsar farko kwafi ce da suke tura wa kowa, har da yi mini murnar dawowar suna. Ta biyu ta nuna mini sakin layi a yarjejeniya cewa ba su da alhakin abin da mai saye ya ɗora. Wato kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Na tambaye su wane bincike suka yi wa mutumin kafin su ba shi linzamin kayana. Katin banki da adireshin imel, shi ke nan. Ni da nake sayarwa sai da na ɗora katin shaida da hoton fuskata kafin su biya ni, shi kuwa da zai riƙe sunan na watanni babu wanda ya tambaye shi ko shi wane ne. Kuma sunan nan a asusunsu yake zaune duk tsawon lokacin. Duba jerin baƙin suna aikin da manhaja ke yi ne cikin daƙiƙa. Sau ɗaya a mako da sun duba, da sun katse shi tun ɓarnar ba ta yi nisa ba.

Tsugune ba ta ƙare ba. Katin da aka biya kason ƙarshe da shi na sata ne, banki ya janye kuɗin, su kuma suka zare shi daga asusuna. La'adar da suka ci a kan sauran kason tana nan a aljihunsu. Sannan, wanda ya fi ƙona mini rai, sashen tantancewarsu ya cire sunan daga jerin manyan sunaye, wai binciken tarihinsa ya nuna bai cika ƙa'idarsu ba. Tarihin da aka yi masa a hannunsu! A nan taurarin suka zube, biyu na bari, su ma albarkacin wancan ciniki na farko.

Jan shafin Google ya tafi bayan na tabbatar da mallaka na nemi a sake dubawa, Spamhaus ma sun cire shi, kuma duk ni na yi wannan zirga-zirgar, ba su ɗaga yatsa ba. Koke-koken waɗanda aka cuta kuwa babu mai goge su, ba ni ma da bakin cewa a goge, gaskiya suka faɗa. Duk mai hankalin da zai zuba dubban daloli a kan suna sai ya fara neman sa a Google. Da a ce kalmar ƙamus ce, da ma'anarta ta rinjayi wannan tabo cikin lokaci. Sunan ƙirƙira ba shi da wata ma'ana da zai fake a bayanta, abin da aka fara yi da shi shi ne ma'anarsa. Na koma wa matar nan, ta ce ta riga ta ɗauki wani, har an buga mata kwalaye.

Tun daga nan ne abubuwan da nake kawar da kai a kansu suka riƙa dawo mini. Sharaɗin cewa sunan da ke wurinsu ba za ka tallata shi a wata kasuwa ba, kuma in za ka janye sai ka ba da sanarwar kwana 30. Kuɗin tambarin da ake cira ko an sayar ko ba a sayar ba. Na'urar kimanta farashinsu da ba ta taɓa ce wa wani suna ba ka da daraja, ko shirme ka rubuta mata sai ta ce ya kai dubu da wani abu, don ka ji daɗi ka yi rajista ta hanyarsu. Su ba sa biyan sabunta rajista, kai ke biya. Tsofaffin 'yan harkar sukan ce a shekara suna ɗaya ko biyu cikin ɗari ake sayarwa. Ka lissafa: .com ɗari, kowanne dala goma da 'yan kai, ka haura dala 1,000 duk shekara kafin ka ga ko sisi. In suna ɗaya ya tafi a dala 2,500 aka cire kashi 30, abin da ya rage 1,750 ne. Shekarar da aka sayar da ɗaya ko biyu ka ci riba, shekarar da aka yi kwantai kai kaɗai za ka ɗauka. Su kuwa kowace shekara tasu ce, don kayan dubban mutane suke baje wa ba da jarinsu ba.

Har yanzu suna turo mini saƙonnin cewa in yi sauri in kama sunaye masu ƙarewa da .ai da .io kafin a ƙare. Ban ce babu kuɗi a can ba, tsibirin Anguilla mai .ai ya samu sama da dala miliyan 30 daga rajista a 2023. Sai dai ba sa faɗa maka cewa tsadar riƙe .ai ta ninka ta .com sau da yawa, ko cewa waɗannan wutsiyoyi na ƙasashe ne, masu dokokinsu da siyasarsu. A 2010 hukumar .ly ta Libiya ta ƙwace vb.ly saboda abin da ke kan shafin, kuma da Birtaniya ta amince a Oktoban 2024 za ta miƙa tsibiran Chagos ga Mauritius, sai da hankalin masu .io ya tashi, don .io ta yankin waɗannan tsibiran ce.

Na janye sunayena masu kyau, na bar musu 'yan tsiraru da ba zan yi kuka ba in sun lalace, don har yanzu masu saye suna bi ta wurinsu, wannan ba zan musa ba. Wanda ya ce sai ya gwada, ya fara kashe biyan wata-wata kafin komai. Babu maɓalli ɗaya da zai kashe wa duka, suna-suna ake bi, kuma duk lokacin da suka canja wa suna farashi ka koma ka duba, don nawa biyu na tarar sun sake kunnuwa da kansu.