Hattara da Mai Tallan Rage Kaurin Faffaɗan Katako

Jama'a, musamman kafintoci da masu sayen katako don teburi, akwai wani mutum da ke yawo da talla a intanet, wai yana da babban injin kankare katako da ke cin kowane faɗi. Ni na faɗa hannunsa.

Katakona mai tauri ne, faɗinsa santimita 60, kaurinsa 5, ina so ya koma 3. Na yi shekara biyu ina ajiye da shi yana bushewa. Abin da ya sa na ɗauke shi da daraja shi ne falle ɗaya ne, babu haɗi. Ƙananan injinan da yawancinmu muke da su ba sa wuce inci 13, wato wajen santimita 33, don haka ba zai shiga ba. Da na ga bidiyon mutumin, katako yana shiga ta nan yana fita ta can sumul, sai na aika kuɗi rabi, ya turo mota aka ɗauka. Na nemi in zo in gani da idona, ya ce wurin ba ya shiguwa ga baƙi. A nan ya kamata in farga.

Ya dawo da shi a shafe da wani mai mai duhu, wai kyauta ce. Kwana tara sai katako ya kantare kamar kwale-kwale. Da na sa samfefa, sai ga layi siriri daga wannan baki zuwa wancan. Ashe tsaga shi ya yi biyu da zarto, ya tura kowane ɓari a ƙaramin inji, ya manne da gam, ya cike tsagar da garin katako. Na auna faɗi, ya ragu.

Kada a yi mini gurguwar fahimta. Tsagawa a sake mannewa hanya ce da ƙwararru suke bi, kuma idan an daidaita bakin ɓarin biyu da kyau, haɗin yana da ƙarfi ƙwarai. Amma da izinin mai kaya ake yi. Shi ya karɓi kuɗin aikin da bai yi ba, ya ɓoye wanda ya yi.

Kantarewar ma laifinsa ce. Duk santimita biyun daga fuska ɗaya ya kwashe su. Cikin katako mai kauri yakan fi bayansa danshi, to idan ka buɗe cikin ta gefe guda, wannan gefen zai bushe ya tsuke, ya ja katakon ya lanƙwashe. Mai sanin aiki yana fara miƙar da fuska ɗaya tukuna, domin injin danne katako yake yi yayin wucewa, idan ya shiga a karkace zai fito a karkace. Sannan ya riƙa juyawa, yana cire kamar milimita ɗaya kowane zagaye, daidai wa daida a fuskokin biyu, ya tsaya kafin ya kai awon ƙarshe, ya jingine shi kwana biyu iska tana ratsa ko'ina.

Yanzu lambarsa ba ta shiga, amma jiya na ga bidiyon nan dai a ƙarƙashin wani sabon suna. Wani ma ya nuna mini asalin bidiyon, na wani kamfanin ƙera injina ne, yanke tambarin kawai aka yi.

Duk wanda zai ba da irin wannan aiki, ya je ya auna bakin injin da kansa. Ya rubuta awon faɗin katakonsa, ya ja layin fensir a gicciye a kan bakinsa biyu domin in an tsaga shi ya gane, kuma ya ce a dawo masa da shi tsirara, ba mai, ba fenti. Nawa dai na sake tsaga shi a kan layin gam ɗin nan, zan yi kanta biyu da shi.